Ayyukan Sha'awa a Takardar Bayanin Kai: Jagora ga Mai Neman Aikin Fasaha

Gabatarwa

Ya kai ɗalibi, nan da 'yan shekaru za ka kammala karatun sakandare. Wataƙila ka wuce jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, wataƙila kuma ka shiga koyon sana'a kai tsaye. Kowace hanya ka bi, wata rana za ka nemi aiki, ko ka nemi gurbin horo a wata masana'anta. Abu na farko da za a ce ka kawo shi ne takardar bayanin kai, wadda mutane suka fi sani da suna si-bi. A wannan darasi za mu duba wani ɗan ƙaramin sashe na wannan takarda wanda masu neman aiki da yawa suke rainawa, wato sashen ayyukan sha'awa. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi ɗaliba kamar yadda ya shafi ɗalibi.

Mece ce takardar bayanin kai?

Takardar bayanin kai takarda ce mai shafi ɗaya ko biyu, wadda take gabatar da kai ga wanda bai taɓa ganinka ba. A cikinta ake rubuta suna da adireshi da lambar waya, da makarantun da mutum ya yi, da takardun shaidar da ya samu. Sannan sai wuraren da ya taɓa yin aiki, da abubuwan da ya ƙware a kai, da ayyukansa na sha'awa. A ƙarshe sai sunayen mutane biyu ko uku da za su yi masa shaida. A Nijeriya yawanci da Turanci ake rubuta ta, amma ƙa'idojinta ɗaya ne a kowane harshe.

Ayyukan sha'awa su ne abubuwan da mutum yake yi a lokacin hutunsa don yana son su, ba don wani ya sa shi ba. Wasu na nishaɗi ne kawai, kamar kallon ƙwallo ko sauraron waƙa. Wasu kuwa na ƙirƙira ne, wato mutum ya samar da wani abu da hannunsa da tunaninsa. Daga cikinsu akwai zane, da ɗinki, da saƙa, da rini, da sassaƙa, da ginin tukwane, da kiɗa, da ɗaukar hoto, da rubuta labari, da wasan kwaikwayo. A kan waɗannan na ƙirƙira za mu yi magana.

Ayyukan fasaha kuma su ne irin aikin injiniya, da gyaran injuna, da aikin lantarki, da walda, da zanen gine-gine, da aikin safiyo, da aikin ɗakin gwaje-gwaje, da rubuta manhajar kwamfuta, da haɗa na'urorin wutar sola. Abin tambaya a nan shi ne: wanda yake neman irin wannan aiki, me saƙarsa ko kiɗansa zai amfana masa? Wasu sukan ce babu abin da ya haɗa su, sai su bar sashen babu komai. Wasu kuma sukan rubuta kalma ɗaya ko biyu don kawai su cike wuri. Dukkansu sun yi asarar wata dama.

Kalma ɗaya, fage biyu

Ka lura da kalmar "fasaha". A Hausa ana cewa mai zane yana da fasaha, ana cewa mawaƙi yana da fasaha. Da wannan kalma kuma ake cewa "kimiyya da fasaha" idan ana nufin ilimin injuna da na'urori. Harshen bai raba su ba, domin duka biyu suna buƙatar hankali mai kaifi da hannu mai kyau. Tarihi ma ya nuna cewa suna da dangantaka ta kusa.

A farkon ƙarni na 19, wani Bafaranshe mai suna Joseph Jacquard ya ƙera injin saƙa a birnin Lyon. Injin yana aiki da wasu katuna masu huji, kuma hujin ne yake nuna zaren da za a ɗaga da wanda za a bari. Idan aka sauya katunan, sai adon saƙar ya sauya. Daga baya aka yi amfani da katuna masu huji wajen lissafin ƙidayar jama'a ta Amurka a shekarar 1890, kuma kwamfutocin farko sun daɗe suna karɓar umarni ta irin waɗannan katuna. Ka ga ashe masaƙi da mai rubuta manhaja 'yan gida ɗaya ne.

Samuel Morse, wanda ya aika saƙo ta wayar tangaraho daga Washington zuwa Baltimore a shekarar 1844, asalinsa mai zanen hotunan mutane ne. Haka nan rigunan da 'yan sama jannatin Amurka suka sa lokacin da suka sauka a kan wata a shekarar 1969, mata teloli ne suka ɗinka su a kan kekunan ɗinki. Kuskure kaɗan a wannan ɗinki yana iya halaka wanda ya sa rigar.

A nan gida ma akwai misalai. Maƙeran tagulla na Titin Igun da ke birnin Benin sukan fara siffanta abin da suke so da kakin zuma. Sai su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya zube, sannan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da wannan dabara ce masana'antun zamani suke zuba wasu sassa na injin jirgin sama. Akwai kuma Demas Nwoko, ɗan asalin jihar Delta, wanda ya karanta zane-zane a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga baya. Ya shahara wajen tsara gine-gine, har a shekarar 2023 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin masu tsara gine-gine na birnin Venice a ƙasar Italiya.

Me mai ɗaukar ma'aikata yake nema?

Takardar shaidar makaranta tana nuna cewa ka ci jarrabawa. Amma sauran masu neman aikin su ma sun ci wannan jarrabawa, kuma takardunsu iri ɗaya ne da taka. Mai ɗaukar ma'aikata yana son ya san wasu abubuwa da takardar shaida ba ta faɗa. Shin kana kula da awo? Kana da haƙurin maimaita aiki har ya yi daidai? Idan abu ya ƙi, kana neman dalili ko kana ajiye shi? Kana gama aiki a kan lokaci? Kana iya aiki tare da mutane?

Wanda ya daɗe yana aiki zai amsa waɗannan tambayoyi da tarihin aikinsa. Amma sabon shiga fa? Ɗaliban fannin fasaha a manyan makarantun Nijeriya sukan fita horon sanin makamar aiki a masana'antu, a ƙarƙashin wani shiri na Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a shekarar 1971. Ɗalibin da yake neman gurbin wannan horo sau da yawa bai taɓa aiki a ko'ina ba. A irin wannan hali, abin da ya yi da hannunsa a gida yana iya zama babbar hujjarsa. Sai dai aikin sha'awa ba ya magana da kansa. Kai ne za ka nuna ƙwarewar da take cikinsa, kuma ka haɗa ta da aikin da kake nema. Ga matakai biyar da za su taimake ka.

Mataki na farko: ka zaɓa

Kafin ka rubuta komai, ka karanta tallar aikin sau biyu. Ka ja layi a ƙarƙashin abubuwan da aka ce ana buƙata. Sannan ka duba ayyukanka na sha'awa, ka zaɓi ɗaya ko biyu da suka fi dacewa. Idan kana zane kuma kana kiɗa, zanen ne zai fi amfani a ofishin masu tsara gine-gine. Kiɗan kuwa zai fi amfani idan aikin na kula da na'urorin sauti ne a gidan rediyo. Hausawa suna cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Saboda haka kada ka aika takarda iri ɗaya zuwa kowace ma'aikata.

Mataki na biyu: ka fito da ƙwarewar da take ciki

Ka tambayi kanka: idan ina wannan aiki, me hannuna da ƙwaƙwalwata suke yi? Ga wasu misalai.

Ɗinki: Tela yana auna jiki, ya zana a kan shimfiɗaɗɗen yadi, ya yanka, ya haɗa har ya zama riga. Mai aikin farantin ƙarfe ma haka yake yi: awo, da zane, da yanka, da haɗawa.

Saƙa: Masu saƙar Akwete a jihar Abia suna ƙirga zare, suna maimaita tsari ɗaya bi da bi har adon ya fito. Rubuta manhaja ma jera umarni ne daki-daki, da maimaita wasu daga cikinsu.

Rini: Mai yin adire a Abeokuta da marinin Ƙofar Mata a Kano duka suna haɗa kayan rini, suna lura da yawan kowanne da tsawon lokacin da yadi zai yi a ciki. Wannan yana kusa da aikin ɗakin gwaje-gwaje da na masana'antar fenti.

Ginin tukwane: Mai gini ya san irin yumɓun da yake tsagewa, ya san kuma yadda zafin wuta yake sauya shi. Wannan sani yana da amfani a masana'antar tayil da ta bulo.

Ɗaukar hoto: Yana koyar da sarrafa haske da na'ura, da gyaran hoto a kwamfuta, da adana fayil-fayil cikin tsari.

Wasan kwaikwayo da kiɗa: Suna koyar da kiyaye lokaci da aiki tare da jama'a. Wanda yake haɗa fitilu da lasifika a dandamali kuwa ya riga ya fara aikin lantarki.

Rubuta labari: Kowane injiniya yana rubuta rahoto. Wanda ya saba bayyana abu a rubuce yadda kowa zai gane yana da abin da ma'aikatu suke buƙata.

Mataki na uku: ka faɗi abin da ka yi

Kalma ɗaya ba ta isar da komai. Idan ka rubuta "zane" kaɗai, mai karatu bai san ko jiya ka fara ba, ko shekara biyar ke nan. Jimla mai kyau tana ɗauke da abubuwa uku: abin da ka yi, da yawansa ko tsawon lokacinsa, da ƙwarewar da ya ba ka. Ka kwatanta waɗannan misalai.

Mai rauni: "Ina son ɗinki."
Mai ƙarfi: "Ɗinki, shekara 3. Na auna kuma na ɗinka kayan wasan kwaikwayo na ɗalibai 15 a cikin mako 2. Nakan gyara keken ɗinkina da kaina."

Mai rauni: "Kiɗa da waƙa."
Mai ƙarfi: "Ni ne mai haɗa na'urorin sauti na ƙungiyar mawaƙan makaranta tsawon shekara 2. Nakan gano inda waya ta katse, in haɗa ta da dalma."

Mai rauni: "Zane-zane."
Mai ƙarfi: "Zanen gine-gine da hannu da kuma kwamfuta. Na auna azuzuwan makarantarmu, na zana taswirarsu bisa ma'auni."

Ka lura cewa jimlolin nan suna amfani da kalmomin aiki kamar "na auna", "na gyara", "na zana". Babu inda mai rubutun ya ce shi gwani ne. Ya faɗi abin da ya yi, ya bar mai karatu ya yanke hukunci. Wannan ya fi, domin an ce yabon kai jahilci ne.

Mataki na huɗu: ka tanadi hujja

Gani ya kori ji. Ka ɗauki hotunan ayyukanka masu kyau, guda biyar zuwa goma, ka jera su a fayil ɗaya. A ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta shekarar da ka yi aikin, da kayan da ka yi amfani da su. Yana da kyau ka nuna matakan aikin, tun daga zanen farko har zuwa kammalawa, domin ma'aikacin fasaha yana son ya ga yadda ka yi tunani. Idan ka shiga gasa ko baje koli, ka ajiye takardar shaidar. Idan kuma ka ɗora ayyukanka a intanet, kamar a YouTube ko Instagram, kana iya rubuta adireshin shafin. Amma ka fara bincika shafin da kyau. Wanda ya shiga don ya ga zanenka zai ga duk sauran abubuwan da ka ɗora.

Mataki na biyar: ka sa shi inda ya dace

Idan aikin sha'awarka yana da ɗan nisa da aikin da kake nema, ka sa shi kusa da ƙarshen takarda, a layi biyu ko uku. Idan kuwa yana da dangantaka ta kai tsaye, ko har ka taɓa samun kuɗi da shi, to ya wuce matsayin sha'awa. Ka ɗauko shi ka sa a sama, a ƙarƙashin sashen ayyukan da ka taɓa yi. Yarinyar da take ɗaukar hotunan biki ana biyanta, ta yi ciniki, ta cika alkawari, ta kula da kayan aiki masu tsada. Wannan tarihin aiki ne. Duk da haka, karatunka da ƙwarewarka ta fasaha su ne tuwon, ayyukan sha'awa kuwa miya ce. Kada miya ta fi tuwo yawa.

Abubuwan da za ka guje wa

Na farko, ƙarya. Kada ka rubuta abin da ba ka yi ba, kada kuma ka nuna aikin wani ka ce naka ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wataƙila wanda zai yi maka tambayoyi shi ma mai wannan sha'awa ne, kuma tambaya ɗaya ta isa ta tona asiri. Idan aka kama ka da ƙarya a ƙaramin abu, ba za a yarda da sauran abin da ka rubuta ba.

Na biyu, jera abubuwa barkatai. Wanda ya lissafa ayyuka takwas yana nuna cewa bai daɗe a kan ko ɗaya ba.

Na uku, abin da zai jawo gardama. Idan waƙoƙinka ko zanenka sun shafi siyasa ko ƙabila, ka faɗi irin aikin da ka yi da ƙwarewar da ka samu, ka bar ra'ayinka a gida.

Na huɗu, nuna cewa zuciyarka tana wani wuri. Idan takardarka ta cika da zancen kiɗa, mai karatu zai yi zaton kana neman aikin ne kawai kafin ka shahara a waƙa.

Ranar ganawa

Idan takardarka ta yi kyau, za a kira ka ganawa, wato intabiyu. Sau da yawa akan yi tambaya a kan ayyukan sha'awa don a ji yadda mutum yake bayani. Ka shirya ɗan gajeren labari mai sassa uku: matsalar da ka gamu da ita, da abin da ka yi, da sakamakon da ka samu. A misali, mai rini tana iya cewa: "Da farko launin yadina ba ya zuwa iri ɗaya. Sai na fara auna kayan rinin, ina rubuta yawansu da mintocin da yadi ya yi a ciki. Na riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji, har na gane inda matsalar take." Duk injiniyan da ya ji wannan amsa zai gane cewa yarinyar ta san yadda ake gwaji, ko da ba ta ambaci kalmar kimiyya ba.

Kammalawa

Aikin sha'awa yana da daraja a takardar bayanin kai idan an zaɓe shi da kyau, an bayyana ƙwarewar da take cikinsa, an kuma kawo hujja ta gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu da kake makaranta, ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ƙirƙira, da ranar da ka yi shi, da matsalar da ka warware. Ka ɗauki hotonsa kafin ka sayar ko ka bayar. Ranar da za ka zauna rubuta takardarka ta farko, daga wannan littafi za ka ɗebo abin faɗa.

Muhimman kalmomi

Gurbi: wurin da aka tanada don wani ya shiga.
Ƙirƙira: samar da sabon abu da tunanin mutum.
Ƙwarewa: iya yin abu sosai saboda yawan yinsa.
Hujja: abin da yake tabbatar da gaskiyar magana.
Yumɓu: ƙasa mai danƙo da ake gina tukwane da ita.
Ma'auni: abin da ake auna tsawo ko nauyi da shi.
Barkatai: ba tare da tsari ba.
Sakamako: abin da ya biyo bayan wani aiki.

Tambayoyi

1. Kawo sassa biyar na takardar bayanin kai.
2. Mene ne bambanci tsakanin aikin sha'awa na nishaɗi da na ƙirƙira?
3. Wace dangantaka ce take tsakanin injin saƙa na Jacquard da kwamfuta?
4. Bayyana yadda maƙeran Benin suke amfani da kakin zuma.
5. Waɗanne abubuwa uku ne jimla mai ƙarfi take ɗauke da su?
6. Yaushe ya kamata a ɗauke aikin sha'awa daga ƙarshen takarda a kai shi sama?
7. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana: "Gani ya kori ji" da "Ba a fafe gora ranar tafiya".

Aikin yi

Zaɓi aikin sha'awa ɗaya da kake yi, ko wata sana'ar hannu da aka san garinku da ita. Rubuta ƙwarewa uku da take cikinta, da aikin fasaha ɗaya da ya dace da ita. Sannan ka rubuta jimla biyu masu ƙarfi da za ka sa a takardar bayanin kai, ka karanta wa abokan karatunka.